Makunnin Zaɓar Batir a Jirgin Ruwa Mai Inji Biyu

Makunnin zaɓar batir na'ura ce da ake ɗaurawa a kan wayar fositif, tsakanin baturan jirgin ruwa da injinansa, domin matuƙi ya zaɓi batirin da zai ba da wuta. Wanda aka fi sani ana murɗa shi ne zuwa matsayi huɗu: a kashe, batir na 1, batir na 2, ko duka biyun a haɗe.

A jirgi mai inji biyu, ƙa'idar ita ce kowane inji ya kasance da batirinsa na tayarwa da kuma makunninsa, ta yadda altanetar kowane inji, wato na'urar da ke samar da wuta yayin da inji ke aiki, za ta riƙa cajin nata batirin. Sau da yawa akan ƙara batir na uku don fitilu da rediyo da firji. Tsakanin baturan tayarwa biyu akan sa makunnin gaggawa, wanda ba a kunna shi sai batir ɗaya ya mutu, a tayar da injin da ƙarfin ɗayan, sannan a kashe makunnin. Barin baturan a haɗe bayan an kashe injina kuskure ne babba, domin idan babu batir na uku, kayan wuta irin su firji na iya shanye su duka biyun.

Haɗari mafi tsada shi ne murɗa makunnin zuwa kashewa alhali inji yana aiki, saboda wutar da altaneta ke fitarwa takan rasa inda za ta shiga, ƙarfinta ya yi tsalle, ya ƙona diyod ɗin da ke cikinta, wato ƙananan sassan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Shi ya sa ake ƙera makunnai masu kyau ta yadda za su kama batir na gaba kafin su saki na baya.

Ƙungiyar ABYC ta Amurka mai tsara ƙa'idojin tsaron jiragen ruwa, wadda aka kafa a 1954, ta tanadi a ƙa'idarta ta E-11 cewa a sa fiyus cikin inci 7 daga tushen wuta, amma an keɓe wayar da ke zuwa kik ɗin inji. Ana amfani da jar waya ga fositif, rawaya ko baƙa ga negetif, kuma wajibi ne a haɗa negetif ɗin injinan biyu da waya mai kaurin da zai ɗauki wutar tayarwa. Wayar jan ƙarfe da aka shafa wa kuza ta fi jure wa ruwan gishiri. Famfon kwashe ruwan cikin jirgi kuwa akan haɗa shi da batir kai tsaye ta fiyus ɗinsa, domin ya yi aiki ko da an kashe makunni jirgin yana ɗaure a gaɓa.