Shaye-shaye da wahalar samun magani a tsakanin masu jin Sifaniyanci a Amurka

Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa mutanen da asalinsu ya fito daga Meksiko da Fato Riko da Jamhuriyar Dominika da sauran ƙasashen da ake jin Sifaniyanci sun haura miliyan 62 a Amurka, wato kusan mutum ɗaya a cikin kowane biyar. Annobar miyagun ƙwayoyi da ta hallaka sama da mutum 100,000 a ƙasar a shekarar 2021 kaɗai ba ta ƙyale su ba, kuma babban abin da ke kisan shi ne fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi har sau 50, ana kuma cakuɗa shi cikin hodar iblis da jabun ƙwayoyi ba da sanin mai saye ba. A gundumar Rio Arriba ta jihar New Mexico, jarabar hiroyin ta daɗe tana bin gidaje daga kaka har jika, yayin da a birnin New York yankin Bronx, inda 'yan'uwanmu Hausawa ke maƙwabtaka da waɗannan al'ummomi, ya fi sauran yankuna yawan mace-macen.

Magani kuwa yana nan. Metadon da bufrenofin suna kwantar da jarabar hiroyin da fentanil kuma suna rage haɗarin mutuwa ƙwarai, kuma tun ƙarshen 2022 aka soke izini na musamman da likita ke buƙata kafin ya rubuta bufrenofin. Matsalar ita ce isa wurin da ake bayar da shi. Jihohin Texas da Florida, inda miliyoyin waɗannan mutane suke zaune, ba su faɗaɗa inshorar marasa ƙarfi ta Medicaid ba. A yawancin jihohi, wanda ba shi da takardun zama ba ya samunta sai a halin gaggawa, kuma ko baƙon da ke da cikakken izini, dokar 1996 kan sa ya jira shekara biyar. Ga kuma tsoron cewa zuwa asibiti zai tona asirin mutum a wurin jami'an shige da fice, tsoron da kan hana har iyalan da 'ya'yansu 'yan ƙasa ne neman abin da yake haƙƙinsu.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne kunya. Iyali kan rufe maganar don gudun surutun jama'a, sa'annan su kai ɗansu gidajen farfaɗowa marasa rajista da ake kira anexos, inda sau da yawa babu likita, kuma ake ɗaukar shan metadon tamkar sauya wata ƙwaya da wata. Wannan fahimta kuskure ce, domin wanda ya yi makonni bai sha ƙwaya ba kuma ba ya kan magani jikinsa ya riga ya rasa juriya, kuma adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi ranar da ya koma.

Doka ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su samar da tafinta kyauta, saboda haka bai kamata a sa yaro ya fassara wa mahaifinsa irin wannan magana ba. Layin wayar neman taimako na 988, na masu damuwar ƙwaƙwalwa ko matsalar shaye-shaye, yana amsawa dare da rana, kuma mai jin Sifaniyanci zai danna lamba 2. Tun 2023 ana sayen Narcan, maganin fesawa a hanci da ke farfaɗo da wanda hiroyin ko fentanil ya yi wa yawa, ba tare da takardar likita ba. Idan aka tarar da mutum ba ya amsa kira, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓɓansa sun sauya launi, a fesa masa nan take, a kira lambar gaggawa ta 911, a kwantar da shi ta gefe, kuma a zauna tare da shi har masu agaji su iso, domin ƙarfin maganin kan gushe cikin minti 30 zuwa 90, numfashin na iya sake tsayawa.