Ergonomik ba ɗibbi ba ne

Tun bayan Hajjin bana kalmar nan ergonomik ta addabe mu. Ka buɗe Snapchat ka ji ta, ka leƙa TikTok ka ji ta. Har zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu ta Hindawiyya a nan Jidda, inda a da ba a tallan komai sai turaren wuta da abaya da kagon Kano, yanzu ya cika da kujera ergonomik, filo ergonomik, linzamin kwamfuta ergonomik. Shekaranjiya wata 'yar talla mai Hausa raɗau ta nuna ɗan teburin nan mai hawa da sauka, wanda ake ɗorawa a kan teburin ofis don a yi aiki a tsaye, ta ce: "Wannan ergonomik ne, yani ɗibbi, yana maganin ciwon baya." Wannan "yani ɗibbi" ɗin shi ya hana ni sakat.

Duk wanda ya zauna a Saudiyya ya san ɗibbi: takalmi ɗibbi, katifa ɗibbi, safa ɗibbi. A Larabci abin da ya shafi likitanci ake nufi, a kasuwa kuwa ma'anarta a ƙara riyal ɗari. Kawuna, mai ofishin kagon da nake wa aiki, shi ekonomik ya ji, ya ɗauka mai araha ake nufi, sai da ya ga farashi ya ce, "Kai ɗan nan, ina arahar take?" To ko shi ya fi 'yar tallar kusa da gaskiya, don kalmomin biyu gindinsu ɗaya.

Daga Girkanci aka ƙero ta: ergon shi ne aiki, nomos kuma ƙa'ida, nomos ɗin da ke cikin ekonomi. Wani masani ɗan ƙasar Poland, Wojciech Jastrzębowski, ya fara rubuta ta a 1857, ta kwanta kusan shekara casa'in, sannan Hywel Murrell ya tashe ta a Ingila a 1949. Ƙa'idar aiki ke nan. Babu magani a ciki, babu likita.

Wanda ke son ya gane ta sosai ya bar kujera, ya dubi jirgin sama. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun sha fama da wani abin mamaki a jirginsu na yaƙi B-17. Matuƙi zai dawo lafiya, ya sauka lafiya, yana kan titin saukar sai tayoyi su naɗe, jirgi ya kife a kan cikinsa. Kullum rahoto ɗaya ake rubutawa: kuskuren matuƙi. A 1943 aka sa wani matashin soja masanin halayyar ɗan'adam, Alphonse Chapanis, ya bincika. Bai tsaya tuhumar matuƙa ba, ɗakin tuƙin ya shiga ya duba. Sai ga makunnai biyu kusa da juna, kamar an tsaga kara: ɗaya na naɗe tayoyi, ɗaya na ƙananan fukafukan da ake saukewa lokacin sauka. Mutum ya kwashe sa'o'i a sama, ya gaji, idonsa na kan titi, hannu ya kai ya taɓa wanda bai yi niyya ba. Gyaran da aka yi har dariya yake ba ni don sauƙinsa. Aka maƙala 'yar ƙaramar taya ta roba a kan na tayoyi, aka yi wa ɗayan kai mai fasalin fiffike, ta yadda hannu zai shaida kowanne ba sai ido ya duba ba. Irin wannan haɗarin ya kau. Har gobe, jirgin da zai ɗauke ka daga Jidda zuwa Kano, sandar tayoyinsa kan taya gare ta.

Ba a canza matuƙi ba, ba a ba shi magani ba, kayan aikin aka gyara suka dace da shi. Da ni ke fassara wa gidan rediyo, "dacewar kayan aiki da mai aiki" zan ce. Ita kuwa dacewa sai da mutum. Tela ba ya ce maka riga ta yi daidai alhali bai auna ka ba. Shi ya sa rubuta ergonomik a jikin kwali, kafin a san wanda zai saya, yake mini kama da sayar da takalmi "daidai ƙafa" ba lamba.

Ni ma fa na sayi ɗan teburin nan mai hawa da sauka, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka kawo shi na ɗora a kan teburina, na matsa hannun gefe, ya taso sumul, na ji kamar na zama mudir, wato manaja. Bayan mako guda kafaɗata ta dama ta fara zugi. Teburin ofis tsayinsa wajen santimita 75 ne, abin nan kuma ko an sauke shi ƙasa ƙurmus yana ƙara kaurin yatsu huɗu a kai. Ni ba dogo ba ne. Sai ya zamana in ina zaune kafaɗuna a ɗage suke yini guda, kamar mai jin sanyi. Ƙa'idar kuwa ita ce gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai kusurwa, kafaɗa a sake, saman allo ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisansa kamar miƙa hannu. Da laftof wannan ba ya yiwuwa, don allo da madannai a haɗe suke: in ka gyara wa wuya ka ɓata wa hannu. Dole na sayi madannai daban, na ɗaga kujera, ƙafata ta daina taɓa ƙasa, na jawo kwalin takardun firinta na taka. Abokin aikina, wani dogon Basudane, in ya zauna a wurin komai cif yake masa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai batun cewa tsayuwa ita ce lafiya. Binciken da aka fi jingina maganar da shi na Jeremy Morris ne, a 1953, wanda ya gano kwandastocin bas na Landan ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobi. Amma kwandastan ba ƙamewa yake yi wuri ɗaya ba, bas ɗin mai bene ce, yini yake hawa da sauka yana karɓar kuɗi. A 2024 masu bincike na Jami'ar Sydney suka duba bayanan mutum sama da 83,000 a Birtaniya, ba su ga tsayuwa kaɗai ta rage ciwon zuciya ba, sai ma suka ga in ta wuce awa biyu a yini tana ƙara haɗarin kumburin jijiyoyin ƙafa. Wannan ai masu aski na bakin Marwa sun riga su sani, je ka tambaye su da daddare a watan azumi. Mai son rage tumbi ma kada ya sa rai: tsayuwar awa shida a madadin zama abin da take ƙonawa bai wuce dabino biyu ko uku ba.

Amfanin ɗan teburin bai wuce ya ba ka damar sauya yanayi ba tare da ka ajiye aiki ba. Alan Hedge na Jami'ar Cornell ya ba da shawarar minti 20 a zaune, 8 a tsaye, 2 ana motsi. Ban taɓa iya riƙe wannan lissafin ba. Nawa agogon kiran salla ne da kwastoma mai son a auna masa buhu.

Jiya Kawu ya shigo ya same ni a zaune, teburin a sauke, ya ce, "Au, kuɗin tsayuwa aka biya, zama ake yi?" Na ce, "Kawu, yanzu na zauna." Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ce in ɗaga ƙafa, takardar firinta ta ƙare.