Ma'anar "single malt": ba giyar ganga ɗaya ba ce

Tun da aka sayar da wata kwalbar wiskin Sikotilan mai suna Macallan ta 1926 a gwanjon Sotheby's da ke Landan a watan Nuwamban 2023, kan kuɗin da ya haura fam miliyan 2, kalmar "single malt" ta shiga bakin masu karanta labarai, kowa yana fassara ta yadda ya ga dama. Wasu, saboda sabo da Maltina, sun ɗauka wani lemo ne mai tsada, alhali barasa ce mai sa maye, wadda dokar Birtaniya ta 2009 kan wiskin Sikotilan ta ce ƙarfinta ba zai gaza kashi 40 cikin ɗari ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na masu cewa giyar ganga ɗaya ce. "Malt" sha'ir ne da aka jiƙa har ya tsiro sannan aka busar da shi, "single" kuwa na nufin masana'anta ɗaya ce ta tace ta. Ana iya haɗa ganguna ɗari a zuba a kwalabe, sunan bai canza ba, muddin daga gida ɗaya suka fito kuma, in wiskin Sikotilan ne, sun shekara akalla 3 a gangunan katakon oak a ƙasar. Shekarun da ake rubutawa a jikin kwalba ma na mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin.

Warin hayaƙin da masana'antun tsibirin Islay na Sikotilan irin su Laphroaig da Ardbeg suka yi suna da shi daga "peat" yake zuwa, wato baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓun ciyayi da ake ƙonawa yayin busar da sha'irin. Masu ɗanɗanawa kan kwatanta shi da kwalta ko maganin asibiti, kuma da yabo suke faɗin hakan.

Inda talla ta fi yin aikinta, a ganina, shi ne batun gangar sheri. Sheri giyar inabi ce ta garin Jerez a kudancin Sifaniya, garin da Larabawan Andalus suka kira Sharish, kuma daga nan sunan ya samo asali. A da, a cikin ganguna ake kai ta Ingila, sai masu wiski su sayi gangunan da suka zama wofi da araha, su samu ɗanɗanon zabibi da launi ja-ja. Da aka koma ɗura sheri a kwalabe tun daga Sifaniya, wannan hanya ta toshe. Yanzu yawancin gangunan sabbi ake ƙerawa musamman don masu wiski, a jiƙa su da sheri na shekara ɗaya ko biyu, sannan a juye ruwan, sau da yawa a mayar da shi ruwan tsami (vinegar). Mai saye kuwa yana kallon launin yana tunanin tsohuwar ganga, bai san dokar ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari ba.