Shin Sai Kirista Ne Kaɗai Ke Ba da 'Ya'ya Masu Kyau?

Ɗan ƙanwata ya hau trotro, wato motar haya, daga Circle zuwa Nima a nan Akra, sai wani mai wa'azi ya miƙe a cikin motar ya ce duk wanda bai karɓi Almasihu ba busasshen itace ne, ba zai taɓa ba da 'ya'ya ba. Yaron ya iso gida ransa a ɓace. A gidan haya muka rene shi, kuma mai gidan wata Hajiya ce da ta riƙe shi wata da watanni lokacin da uwarsa ke kwance a asibiti, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Ni Kirista ne, na daɗe ina koyar da ajin Lahadi. Ga abin da ya tambaye ni a daren, da amsar da na ba shi.

Kawu, da gaske Littafi Mai Tsarki ya ce wanda ba Kirista ba ba ya iya aikin kirki?

Ɗana, ayar da mai wa'azin ya jingina da ita tana nan a Yahaya 15:5, inda Yesu ya ce shi ne itacen inabi, almajiransa rassa, kuma in sun rabu da shi ba su iya yin komai. Amma duba da wa yake magana. Da almajiransa yake, a daren da za a kama shi. Gargaɗi ne ga 'yan cikin gida, kada su rabu da tushensu.

Haka ma Galatiyawa 5:22-23, inda Bulus ya lissafa 'ya'yan Ruhu tara: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamun kai. Ikilisiyar da ya rubuta wa tana cikin rikici, har ya ja musu kunne cewa suna cizon juna. Madubi ya miƙa musu su duba fuskarsu. Kuma Bulus ɗin nan shi ne ya ce a Romawa 2:14-15 akwai al'ummai da ba a ba su Shari'ar Musa ba amma suna aikata abin da ta umarta, domin an rubuta ta a zukatansu, lamirinsu kuma yana shaida.

Akwai wanda Allah ya yaba wa aikinsa tun bai ba da gaskiya ba?

Akwai, kuma labarinsa na fi so a riƙa karanta wa matasanmu. A Ayyukan Manzanni sura 10 an ba da labarin Karniliyas, hafsan sojan Roma mai shugabantar mutum ɗari a Kaisariya. Ba Bayahude ba ne, ba a yi masa baftisma ba. Yana addu'a kullum, yana ba da sadaka hannu sake. Mala'ika ya zo ya ce masa addu'o'insa da sadakarsa sun kai gaban Allah. Wannan fa kafin manzo Bitrus, almajirin Yesu, ya taka ƙofar gidansa. Da Bitrus ya shiga, shi da bakinsa ya ce yanzu ya gane Allah ba ya tara, a kowace al'umma mai tsoronsa da aikata adalci abin karɓa ne gare shi.

Sai dai kada ka tsaya a nan. An yaba wa Karniliyas, kuma duk da haka an aiko masa da Bitrus ya faɗa masa labarin Yesu. Nassin ya riƙe abu biyun tare, mu ne muke son ɗaukar ɗaya mu yar da ɗaya.

Ka tuna kuma da Luka sura 10. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, firist da Balawe ne suka ratse suka bar wanda 'yan fashi suka raunata, Basamariye ya tsaya, mutumin da Yahudawa ke ganin addininsa gurɓatacce ne.

To me ya sa malaman coci ba su yi magana ɗaya ba?

Tsohuwar muhawara ce. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya tsananta: a ganinsa halin kirkin da ba a nufi Allah na gaskiya da shi ba, girman kai ya riga ya ɓata shi. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya raba abin gida biyu. Akwai halayen da kowane ɗan Adam ke iya samu ta tarbiyya da sabo, kamar adalci da jaruntaka, akwai kuma bangaskiya da bege da ƙauna waɗanda alherin Allah ke zubawa a zuciya. Kalbin, wanda cocin Presby ke bin gadonsa, ya ce nagartar da ake gani a wurin waɗanda ba su ba da gaskiya ba ita ma baiwar Allah ce, ko da ba ta kai mutum ga ceto. Babban taron Katolika na Batikan, daga 1962 zuwa 1965, ya ce coci tana duban Musulmi da girmamawa, kuma wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, yana iya samun ceto. Da yawa daga cocin Fentikos da ke cika Akra ba su yarda da wannan na ƙarshen ba.

Ni dai na fi natsuwa da rabewar Akwinas. Agustin yana da gaskiya cewa niyya na iya ɓata aiki, amma cutar riya ba ta tambayar mutum addininsa, na gan ta a kujerar gaba ta coci.

In haka ne, Kawu, mene ne amfanin bangaskiyarmu?

Ba mu taɓa cewa mun fi kowa hali ba. Afisawa 2:8-9 ta ce ta alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Na gaskata ceto ta wurin Almasihu yake, ba na ɓoye wa maƙwabtana wannan. Bangaskiya ita ce ta ba ni gafara, ita ke ba ni ƙarfin yafe wa wanda ya cuce ni a ranar da zuciyata ta ƙi. Amma da ita aka ɗora mini nauyi, domin wasiƙar Yaƙub ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce, Yesu kuma ya ce a Matiyu sura 7 ba duk mai ce masa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga Mulkin Sama ba.

Musulmi ma suna yin irin wannan tambayar a kanmu?

Suna yi. Malaman unguwarmu suna karantar da hadisin Hakim ɗan Hizam, wanda ya tambayi Annabi Muhammadu game da sadaka da 'yanta bayi da sada zumuncin da ya yi kafin ya musulunta, aka ce masa ya musulunta a kan alherin da ya gabatar. Suna kuma karantar da na Ibn Jud'an, mai ciyar da miskinai a Makka, wanda aka ce hakan ba zai amfane shi a Lahira ba. A Suratu Ali Imrana aya ta 75 an ce cikin Ma'abota Littafi akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar maka. Su ma sun yarda da kirkin wanda ba nasu ba, sun kuma raba shi da maganar tsira.

Shi ya sa Babban Limami ya shiga coci?

A watan Afrilun 2019, lokacin cikarsa shekara 100, Babban Limamin Ghana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika ta Christ the King a nan Akra ranar Ista, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. Wasu sun soki tafiyar. Bai je sallah ba, bai ce addinan ɗaya ne ba, ziyarar maƙwabtaka ya kai. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana, Musulmi kusan kashi 20. A Nima da Maamobi mu ne 'yan kaɗan, don haka mun san daɗin a ɗauke ka mutum tun kafin a tambayi addininka.

To me zan ce wa Hajiya?

Ba sai ka kai mata maganar trotro ba. Ka saya mata goro, ka je da safe bayan ta idar da lazimi, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce mata ba ka manta da kokon da ta riƙa dama maka kafin ka tafi makaranta ba. In za ka yi addu'a da dare, ka sa sunanta kusa da na uwarka.