Tsakanin Filin Jirgi da Kamfanin Jirgi: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Me ake rubutawa a yarjejeniyar da kamfanin jirgi ke yi da filin jirgi don amfani da shi?

Kuɗin sauka, wanda ake lissafawa bisa nauyin jirgi, da hayar ƙofofin hawa jirgi da wuraren tantance fasinja, da tsawon wa'adi. Sai dai jigon maganar ɗaya ne: idan kuɗin shiga bai kai na kashewa ba, aljihun wa za a taɓa?

Iri nawa ce?

A Amurka an fi sanin uku. Ta farko ita ce ta cike giɓi: filin yana tara abin da ya samu daga shaguna da wurin ajiye motoci, a cire daga kuɗin tafiyar da shi, ragowar kuwa kamfanonin da suka sa hannu su biya. Kasuwa ta yi kyau, kuɗin saukarsu ya ragu. Ta mutu, su ne da ɗawainiya.

A ta biyu kamfani yana biyan kuɗin abin da ya yi amfani da shi ne kawai, riba da asara duk na filin ne. Ta uku gauraye ce: sau da yawa a cike giɓi a ɓangaren titin sauka, ginin fasinja kuma kowa ya biya nasa.

To me zai sa kamfani ya yarda ya cike giɓi?

Saboda yana samun ta cewa. Galibi akan sa sharaɗin cewa mafi rinjayen kamfanonin da suka sa hannu na iya hana babban gini ko su jinkirta shi. Nan ne abin ke damuna, domin kamfanin da ya riga ya yi kaka-gida ba zai so a gina wa kishiyarsa ƙofa ba, kuma fasinja ne ke ji a kuɗin tikiti.

Doguwar yarjejeniya ba ta fi tsaro ba?

Kafin dokar 1978 da ta janye hannun gwamnatin Amurka daga ƙayyade wa kamfanonin jirage hanyoyi da kuɗin tikiti, wa'adin shekara 30 ba baƙon abu ba ne. Yanzu biyar zuwa goma aka fi yi. Doguwar ma ba ta da tabbas: Pittsburgh, wani birni a Amurka, ta buɗe sabon ginin fasinja a 1992 daidai da buƙatun kamfanin USAir, amma a 2004 kamfanin, wanda ya koma US Airways, ya daina amfani da ita a matsayin cibiyar da fasinjojinsa ke sauya jirgi, ƙofofi da yawa suka zauna fayau.

A wasu ƙasashe fa?

A Heathrow ta Landan, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ce ke ƙayyade iyakar abin da filin zai caji kamfanoni a kan kowane fasinja, kuma tana sa ribar shaguna cikin lissafin.