Wa ke yi wa ɗan tseren keke shari'a idan an same shi da ƙwaya?

Duk watan Yuli mukan taru a bencin wani mai gyaran keke a Aboabo, nan Kumasi, mu kalli gasar Tour de France a waya. Tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga, wato kyautar wanda ya fi tara maki a gasar, a 2024, samarin unguwa suka ƙara kamuwa da son abin. Gardamar da ba ta ƙarewa a bencin nan ita ce ta ƙwayoyin ƙara kuzari. Ga tambayoyin da ƙannena suka fi yi mini.

Yaya, ba hukumar keke ta duniya ce ya kamata ta kama masu laifi ba? Me ya kawo wasu daga waje?

Hukumar, wato UCI, aikinta ta tallata wasan, ta jawo 'yan kallo da kamfanoni masu zuba kuɗi. Ranar da aka kama gwarzon da duniya ke kallo, kasuwarta ce ta faɗi. Ba a ba kura ajiyar nama. Lance Armstrong na Amurka ya ci Tour sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Tun a shekarar farko gwaji ya nuna wani haramtaccen magani a jikinsa, aka kawo takardar likita da aka mayar da kwanan watanta baya, hukumar ta karɓa. Daga baya kuma ya ba hukumar kyautar kuɗi har dala 125,000, ta sa hannu ta amsa. Ba ita ta tona masa asiri ba. Hukumar yaƙi da ƙwaya ta Amurka ce ta yi a 2012, aka ƙwace nasarorin duka bakwai, shi ma ya amsa laifinsa a talabijin a Janairun 2013. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya ba da rahoto a 2015 bai sami shaidar cin hanci ba, amma ya ce shugabannin lokacin sun mayar da Armstrong shafaffe da mai.

To yanzu wa ke gwajin, wa ke yanke hukunci?

An raba aikin. Dokar da jerin haramtattun magunguna na hukumar yaƙi da ƙwaya ta duniya ne, wato WADA, wadda aka kafa a 1999 bayan abin kunyar ƙungiyar Festina, lokacin da aka kama ma'aikacinta da mota cike da magunguna a iyakar Faransa da Beljiyam a 1998. Ɗaukar fitsari da jini ya koma hannun wata hukuma daban mai suna ITA tun Janairun 2021. Ana raba fitsarin kwalba biyu, ɗakin gwaji lamba yake gani ba suna ba, kuma wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a buɗe kwalba ta biyu a gabansa. Wanda bai gamsu da hukunci ba sai ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya da ke Lozan a Suwizalan.

Me ya hana a bar wa kowace ƙasa ta hukunta ɗanta?

Alberto Contador ne amsar. A Tour na 2010 an sami ɗan ƙanƙanin wani haramtaccen magani mai suna clenbuterol a fitsarinsa, ya ce daga naman da ya ci ne. Hukumar keke ta ƙasarsu Sifaniya ta wanke shi a farkon 2011. UCI da WADA suka ɗaukaka ƙara, kotun Lozan ta dakatar da shi shekara biyu a Fabrairun 2012, ta ƙwace Tour ɗin. Tun 2015 UCI ta kafa kotunta ta musamman domin irin waɗannan shari'o'in su daina komawa gida. Ƙa'idar da ta kayar da shi tana da tsauri: duk abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhaki, ko da gangan ko a rashin sani.

Ke nan yanzu kowa daidai yake a gaban doka?

Nan ne raina bai kwanta ba. Ku dubi salbutamol, maganin asma da ake shaƙa. An yarda da shi, amma kada ya wuce ma'auni 1,000 a fitsari. A 2014 an sami Diego Ulissi na Italiya da 1,900, aka dakatar da shi wata tara. A gasar Sifaniya ta 2017 an sami Chris Froome da 2,000. Ya ci gaba da tsere ana shari'a, har ya ci gasar Italiya ta 2018, sannan a ranar 2 ga Yuli aka rufe maganar ba hukunci, saura kwanaki a fara Tour.

Ban ce Froome ya yi maguɗi ba. Ya kawo lauyoyi da masana kimiyya suka nuna cewa ƙarancin ruwa a jiki da yanayin yadda jiki ke fitar da maganin na iya ɗaga ma'aunin, WADA kuma ta karɓi hujjar. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da gaskiyar ta ci kafin ta fito. Ku ɗauki yaronmu da ke tasowa da asuba ya hau hanyar Ejisu da keken da ya saya na hannu. Idan gobe sakamako irin wannan ya fito a kansa, wa zai biya masa lauya a Lozan? Wa zai biya masanin da zai sake auna fitsarin? Zai karɓi hukunci ne don bai da ƙarfin musu. A ganina, hukumar da ke alfahari da cin gashin kanta tilas ta tanadi lauya da masani na ƙwarai ga wanda bai da hali, ta kuma buga cikakken dalilinta duk lokacin da ta wanke wani, kamar yadda take bugawa idan ta hukunta.

Malam, tramol fa? Ai likita ma yana rubutawa.

Yana rubutawa, amma haramun ne a lokacin gasa. UCI ta hana shi tun Maris 2019, saboda yana kashe zafin ciwo kuma yana kawo jiri da gyangyaɗi, ga mutum a tsakiyar ayari ana gudu kafaɗa da kafaɗa. Nairo Quintana na Kolombiya ya zo na shida a Tour na 2022, aka soke sakamakonsa saboda tramol, kotun Lozan ta tabbatar. Daga 1 ga Janairun 2024 WADA ta sa shi a jerinta, haramcin ya hau kan kowane wasa. Mu a zango mun san ɓarnar da ya yi wa samari. Wanda ke da burin shiga gasa, duk maganin da aka ba shi, na asibiti ko na gargajiya, ya adana kwalin da takardar likita, ya kuma rubuta shi a fom ranar da aka zo gwaji.