Wai akuyoyi nawa ne? Ma'anar GOAT

Jiya da daddare a teburin mai shayi a Samaru na ji wani yaro yana rantsuwa cewa kansilansu GOAT ne. Da safe kuma mai labarin wasanni a rediyo ya lissafo "GOAT guda biyar na bana". Nan abin ya ishe ni.

GOAT haruffan farko ne na kalmomin Turanci huɗu, ma'anarsu wanda ya fi kowa tun da aka fara abin har yau. Da aka haɗa su sai suka faɗa kan sunan akuya da Turanci, shi ya sa hotonta ya cika Facebook. Aika wa dattijo a cikin birni wannan yabon ka gani, sai an yi zaman sulhu. Kirarin ɗan dambe Muhammad Ali ne tun asali, har matarsa ta yi rajistar kamfani da sunan a 1992. Babu "na bana" a ciki, babu guda biyar. Kujera ɗaya ce.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da ita "wanda na fi jin sunansa". Ai shahara daban, gwaninta daban.

Ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan wasan ƙwallon kwando haifaffen Legas. A 1984 shi ƙungiyar Houston ta fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Michael Jordan na uku ya zo. A 1994 ya haɗa kyautar gwarzon shekara, da ta gwarzon masu tsaron baya, da ta gwarzon wasan ƙarshe, duk a kaka ɗaya. Sau 3,830 ya kaɗe ƙwallo tana hanyar kwando, har yau ba a kamo shi ba. Da azumi a bakinsa ya zama gwarzon watan Fabrairun 1995. Masu gardama kan ce ai kofunansa biyu sun zo ne lokacin da Jordan ya ajiye wasa. To, a 1995 Jordan ya dawo, Orlando ta fitar da shi, Hakeem kuma ya lallasa Orlando huɗu da nema. Duk da haka ban ce shi ne GOAT ba, kofuna shida na Jordan ba wasa ba ne. Cewa na yi Jordan yana da Nike a bayansa, kuma talla ba ta jefa ƙwallo a kwando.

A Zariyar da Masai Ujiri ya tashi, mutumin da ya jagoranci ƙungiyar Toronto ta ci kofin NBA a 2019, na tambayi yaron nan ko ya san Hakeem.

Ya ce, "Kawu, wane Hakeem? Mai gyaran waya na PZ?"

Takalmin ƙafarsa kuwa mai tambarin Jordan ne, ɗan gwanjo.